Shawara ga masu jinya a asibiti

Akwai ƙwayoyin cutar da ba su cika damun mai lafiya ba, sai jiki ya yi rauni suke far masa: wanda aka yi wa tiyata, wanda ya ƙone, jaririn bakwaini, wanda aka sa wa robar fitsari. Acinetobacter, Pseudomonas da Klebsiella na cikinsu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su a sahun gaba na ƙwayoyin da suka daina jin magani. Acinetobacter kan yi makonni da ransa a busasshen ƙarfen gado, Pseudomonas kuwa damshi yake so, irin na bakin famfo.

Hannu ne ya fi kai su jikin majinyaci. Ku wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60 kafin ku taɓa majinyaci, da kuma bayan kun zubar da fitsari. 'Yan dubiya ma su yi hakan, kuma don Allah kada a kwance bandeji domin su ga ciwo.

Robar fitsari ce ta fi damuna. Jakarta ta zauna ƙasa da mara, amma kada ta taɓa daɓe. Kullum ku tambayi likita ko lokacin cire ta ya yi, domin daɗewarta na ƙara haɗari.

In kun ga sabon zazzaɓi, ko mugunya, ko kumburi a wurin allurar ƙarin ruwa, ku faɗa wa nas nan take. Kada ku sayo kafso a kemis ku ba majinyaci a ɓoye. Gwaji ne zai nuna maganin da ƙwayar ke ji.