Murtsunguwar Da Ta Yaudare Ni Sau Biyu

A zangon karatun da ya wuce na sayi wata 'yar murtsunguwa wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Ganin ba ta da dogayen ƙayoyi, na ɗauke ta da hannu tsirara. Kwana uku na yi ban iya riƙe biro yadda ya kamata ba, ga gwaji a gabanmu.

Wani malaminmu na sashen noma ne ya gaya mini sunanta: Opuntia basilaris. Asalinta hamadar Mojave da kewayenta, a kudu maso yammacin Amurka. Gane ta ba wuya. Ba ta yin sama, a ƙasa take bazuwa, da ƙyar ta kai gwiwa. Rassanta falan-falan ne kamar tafin hannu, kore mai toka-toka, furenta kuma ja ne mai sirkin shunayya, ya fi ƙarfin jikinta kyau. Waɗannan ɗige-ɗigen da ke jikinta su ne tarkon: kowane ɗigo cike yake da ƙananan ƙayoyi masu ƙugiya, siraran da ido bai cika gani ba. In sun shige ka, kada ka sosa. Sa matsefata, sannan ka manna salatif ka fizge.

Kada kuma ka haɗa ta da ƙerana ko tinya namu na gida. Su in ka karya, farin ruwa mai kama da nono ke fita, mai illa ga ido. Ita ba ta da shi.

Yaudara ta biyu tausayi ne. Na ga ƙasarta ta bushe, na riƙa ba ta ruwa kullum da safe, har da ragowar na buta. Mako uku gindinta ya ruɓe, ya yi luguf. Reshe ɗaya na tsira da shi.

Ga yadda na tayar da shi. Na naɗe shi da takarda na ajiye a inuwa mako guda, sai da bakin yankan ya bushe ƙarau. Na huda gindin tsohon bokitin fenti, na cika da yashi da tsakuwa, ƙasar lambu kaɗan kawai. Na kafa reshen ba da zurfi ba, ban ba shi ruwa ba sai bayan mako biyu. Yanzu sai na tsoma yatsa na ji ƙasa ta bushe har ciki nake zubawa. Rana take so sosai, amma da damina a janye ta daga bakin indararo.

Reshen da ya karye kada a jefa shi bayan hostal, saiwa zai yi. Danginta sun taɓa mamaye miliyoyin hekta a Ostireliya, sai a 1926 aka fara sakin wani ƙwaro da ya cinye su.

Tawa ta fito da sabbin rassa biyu. Fure dai har yanzu ina jira, abokin ɗakina kuma ya daina shanya tawul a tagar.