Jerin Kayan Haɗi a Masana'antu

Wani mai sauraronmu ya tambaya: me ya sa masana'antu ke damƙa wa kwamfuta jerin kayan da ake haɗa na'ura da su?

To malam, kowace na'ura tana da jerin sassanta, har noti da waya. Idan injiniya ya sauya ɗaya, manhaja ce ke kai sauyin gaban masu sa hannu, sai sun amince a fara ƙerawa. Dubi abin da rashin daidaita bayanai ya jawo a jirgin Airbus A380. Injiniyoyin Jamus da na Faransa sun yi zane da manhajar CATIA, amma wasu da tsohuwa, wasu da sabuwa. Da aka zo shimfiɗa wayoyi, masu jimillar tsawon kimanin kilomita 500, wasunsu suka gaza kaiwa inda za a haɗa su. Abin takaici! Sai a 2007 aka miƙa jirgin farko, bayan jinkirin kusan shekara biyu.