Rumbun Kaka Tanko

Kakan mahaifina sunansa Tanko. An haife shi a wani ƙauye kusa da Bebeji, cikin ƙasar Kano. A zamaninsa ba a rubuta ranar haihuwa. In an tambaye shi shekarunsa, sai ya ce, "Ran da Turawa suka harba igwa a Bebeji ina kiwon awaki, ban fara azumi ba."

Wannan kuwa ya faru ne a farkon shekarar 1903, sa'ad da sojan Turawa suka taso daga Zariya suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu ba ya gida, ya tafi Sakkwato. Suka ci birni, aka naɗa Abbas. Mahaifina ya ƙiyasta Tanko yana da shekara takwas a lokacin.

Da ya yi ƙarfi, sai ya riƙa bin ubansa fatauci. Su kan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi, su tafi Gwanja, su komo da goro bayan watanni. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Ba a daɗe ba goro ya riƙa zuwa ta jirgi daga Ikko. Ubansa ya sayar da jakunan, suka koma noman gyaɗa, don Turawa suna saye da tsada.

A 1913 damina ta yi gardama. Su kuwa sun cika gona da gyaɗa, gero kaɗan suka shuka. Tun kafin bazara rumbu ya ƙare. Aka shiga yunwar 1914, wadda a ke kira Kakalaba. Mutane suka ci dusa da tafasa, har suna tonon gidan tururuwa don neman tsaba. A cikin yunwar nan ƙanwarsa Ladi ta rasu, tana 'yar shekara biyar.

Tun daga nan Tanko bai ƙara shuka gyaɗa ba sai ya ga gero da dawa sun wadata. Ya gina rumbu guda a bayan gida, ba a taɓa shi sai sabon gero ya zo. Sa'ad da dalar gyaɗa ta tashi a Kano, maƙwabta suka sayi kekuna, shi ko a ƙasa ya ke zuwa kasuwa. Yara har marowaci su ke ce masa, ba su san dalili ba.

Ya ga samun mulkin kai a 1960. Ya ga fitowar naira a 1973, amma har ya mutu da sule ya ke lissafi. A shekarar nan aka yi babban fari. Tanko ya sa aka buɗe rumbun, gida huɗu suka ci har kaka. Ya rasu a 1975. Duwatsun gindin rumbun suna nan a bayan gidanmu.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Tanko, kuma shekara nawa ya yi a duniya?
2. Me ya sa ubansa ya sayar da jakuna?
3. Ka tambayi tsoho mafi shekaru a gidanku abin da ya faru a ƙasa sa'ad da ya ke yaro, ka rubuto.