Amsoshin Tambayoyinku: Gwajin Sojan da Ba Ya Tari

Wani mai sauraronmu daga Birnin Gwari, wanda ƙaninsa soja ne da ke sintiri a dajin Kamuku, yana tambaya: me ya sa ake yi wa soja gwajin cutar numfashi alhali lafiyarsa garau, kuma wane gwaji ya fi dacewa?

To Malam, mun gode. Sojoji wuri ɗaya suke kwana, mota ɗaya suke shiga, mutum guda sai ya yaɗa wa bataliya cutar tun bai fara tari ba. A 2020 korona ta kama sojojin ruwan Amurka fiye da 1,000 a jirgin Theodore Roosevelt, kuma yawancinsu ba su da wata alama lokacin da aka gwada su.

Gwajin PCR ya fi gano ƙwayar cuta komai ƙanƙantarta, sai dai yana buƙatar ɗakin bincike da lantarki. Daga sansanin daji, dole a kai samfurin gari cikin sanyi, a jira sakamako. Gwajin gaggawa kuwa, ana goga ɗan tsinken auduga a hanci, cikin minti 15 zuwa 30 layi ya fito. Rauninsa shi ne yakan kasa gano cutar a jikin mai ƙwaya kaɗan, shi ya sa ake maimaita shi bayan awa 48.

Saboda haka, kafin fita aiki PCR ya fi. A cikin daji, a riƙa maimaita na gaggawa, wanda ya nuna yana ɗauke da cutar a killace shi, a tabbatar da PCR. Allah ya tsare mana su.