Darasi: Yadda Ƙungiya Za Ta Karanta Lissafin Waya

'Yan'uwa manoma, mun saba ɗaukar kaya mu bi mai saye har kasuwa, dillali ya yanka mana kuɗi yadda ya ga dama. Akwai wata hanya, wato mu sa mai saye ya neme mu da kansa. Ƙungiya ta buɗe shafi a Facebook, ko ta sa WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa. A riƙa nuna abin da zai amfani mutane: yadda ake shanya citta, yadda ake tsabtace acca ta rabu da yashi. Wanda ya ƙaru da ku, shi zai tambayi farashi.

Amma ga inda ƙungiyoyi suke tuntuɓe. Facebook yana nuna mutum nawa suka ga hoto, da garuruwan masu bin shafin. WhatsApp kuma yana nuna waɗanda suka duba hoton da kuka kafa, kafin ya ɓace bayan awa 24. Lissafin nan yana da daɗin gani, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A ce mutum 600 sun ga hoton garin acca, 15 sun tambayi kuɗinsa, 2 suka biya. Hoton busasshiyar citta kuwa mutum 90 ne suka gani, amma 6 suka saya, har da mai son buhu 10. Wanne ya kamata a zuba wa kuɗin ƙungiya? Citta mana! In kuka ci bashi kuka sayi injin niƙa saboda 600 ɗin nan, wa zai biya bashin?

Saboda haka magatakarda ya ja layi huɗu a littafinsa: waɗanda suka gani, waɗanda suka tambaya, waɗanda suka biya, da garinsu. Ya tambayi kowane mai saye, "A ina ka ji labarinmu?" Kada a yanke shawara da lissafin mako ɗaya, a tara na wata 3 tukuna. In masu tambaya da yawa suna cewa buhu ya fi ƙarfinsu, a gwada ƙulla mudu mudu. In yawancinsu daga Jos ko Kaduna suke, a haɗa kaya a mota ɗaya a rage kuɗin dako.

Ma'aji kuma ya lura: saƙon "na tura kuɗi" ba kuɗi ba ne. Sai ya gan su a asusun ƙungiya kafin kaya su bar rumbu.

A taro mai zuwa, magatakarda ya zo da littafin, a karanta shi a gaban kowa.