Yadda Ake Ciro DNA Daga Jini Don Binciken Ciwon Daji

Mutumin Dakata ya san launin ruwan Getsi, mai kwaso dattin masana'antun Bompai zuwa Jakara. Kamfanonin jima na Challawa da Sharada kuwa suna aiki da kuromiyom, wanda wani nau'insa ke lalata ƙwayoyin halitta har ya jawo ciwon daji. Amma akwai mai gadon matsalar tun daga ciki, kamar tawayar ƙwayar halittar BRCA1 da aka gano a 1994, mai ƙara haɗarin sankarar mama. Wannan ta gadon, a jini ake nemanta.

Kafin ɗalibi ya taɓa jini, sai ya iya riƙe fifet, ɗan bututun auna ɗigo. Zai yi ta zuƙar ruwa yana zubawa a kan sikeli: maikurolita 100 dole ta ba da giram 0.1. Wanda hannunsa bai zauna a nan ba, a ganina bai kamata a bar shi ya matsa gaba ba.

Sai a ɗebi jini a kwalba mai murfi shunayya, wadda ke hana shi daskarewa. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da DNA, don haka a fasa su, a juya kwalbar a inji har fararen su kwanta a gindi. A zuba sinadarin da ke narkar da furotin, sannan itanol mai sanyi. Nan za ka ga wani farin abu kamar zaren auduga yana tashi. Shi ne DNA ɗin. A wanke, a adana a firiza, idan an ɗauke wuta a garzaya ga janareta.

Daga nan sai PCR, dabarar kwafar DNA da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Injin yana kai zafi digiri 95 zaren ya rabe biyu, ya sauko wajen 55 zuwa 60, ya hau 72 a kwafe. Zagaye 30 na iya ba da kwafi kusan biliyan ɗaya.

Sai a zuba a kan jel, a ba shi lantarki, a duba layukan kafin a aika a karanta jerin harufan. Kullum a PCR ana haɗa kwalba ɗaya mai ruwa a madadin DNA. In layi ya fito a cikinta, wani abu ya gurɓata aikin, wataƙila safar hannun da ba a canza ba. Sai a zubar da komai, a sake daga farko.