Darasin Wannan Wata: Dashi, Itace Mai Ƙamshi Da Sauƙin Sassaƙa

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Boɗinga har Shagari ya san dashi, ko da bai san darajarsa ba. Shi ne ɗan itacen nan mai ƙaya a bakin reshe, wanda ake kafawa a shingen gona ko na garka. Da rani yakan zubar da ganye ya tsaya tsirara, har baƙo ya ɗauka ya mutu. Amma in aka kankare ɓawonsa da farce, sai a ga kore shar a ciki, kuma ƙamshi ya tashi.

Wannan ƙamshi daga ƙaronsa yake fitowa. Dashi dangin hano ne, wanda wasu ke kira ararraɓi. Dangi ne kuma na itacen da ake samun murru a Somaliya da Yaman. Shi ya sa ake jefa ƙaron dashi a wuta don turara ɗaki.

Abin da ya sa masassaƙa ke son dashi shi ne laushinsa da rashin nauyi. Gizago na shigarsa ba da wahala ba, gara kuma ba ta cika damunsa ba. Buzaye, waɗanda ke kiransa adaras, sun daɗe suna sassaƙa akushin nono da cokula da shi, domin mai ƙaura ba ya son kaya mai nauyi. Ana yin ludayi da 'yar kujerar mata da shi. Amma kada a kai shi inda bai dace ba. Turmi sai ƙirya, allo sai aduwa. Wanda ya yi turmi da dashi, kafin shekara ta zagayo zai nemi wani.

Ga yadda ake aikinsa. Da farko a zaɓi reshe mai kauri wanda ba shi da kulli. A tsaga shi biyu daga tsakiya, a fitar da ɓargon da ke cibiyarsa. Wannan shi ne wurin da masu koyo suka fi yin sakaci, kuma a nan hasara take. Itace in yana bushewa, bayansa ya fi cikinsa saurin motsewa, sai tsaga ta taso daga cibiya ta nufo waje. Akushin da aka bar wa cibiya a gindi, ranar da hunturu ya busa, za a ji ya yi ƙara ya dare.

Bayan haka sai a fitar da siffar abin da ake so tun itacen yana ɗanye, a rarake cikinsa, amma a bar shi da ɗan kauri. Kada a gama aikin a rana ɗaya. A ajiye shi cikin inuwa, inda iska ba ta kaɗawa da ƙarfi, a rufe shi da ɓarɓashin da aka sassaƙe daga jikinsa. Haka zai bushe a hankali. Yadda za a gane ya bushe shi ne a riƙa ɗaga shi ana jin nauyinsa. In ya daina raguwa, to, lokaci ya yi da za a gyara shi da wuƙa mai kaifi, a goge, a shafa masa man gyaɗa ko man shanu. Wuƙa mai dakushi yage itace mai laushi take yi, sai fuskarsa ta yi gashi-gashi.

A ƙasar Lebanon akwai wani itace mai ƙamshi da ake kira al'ul, wanda hotonsa ke jikin tutarsu. Dubban shekaru aka yi ana sarar sa don gina jiragen ruwa da fadodin sarakuna, har ya rage 'yan kurmi kaɗan a kan duwatsu. A 1998 hukumar UNESCO ta sa ɗaya daga cikinsu cikin wuraren tarihi na duniya. A nan Nijeriya ma an ga irin wannan da madobiya, wadda aka riƙa lodawa zuwa ƙasar Sin, musamman daga Jihar Taraba, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su sai da izini na musamman.

Dashi ya fi waɗannan sa'a, don ba ya bukatar iri ko gandun reno. Masassaƙi ba shi da dalilin sare shi daga gindi, tun da reshe ya ishe shi. A ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka, a yanko rassa masu tsawon kamu uku, a binne kamu ɗaya cikin ƙasa, a jera su kusa da juna a bakin gona. Damina na kamawa za su yi saiwa su tofo. Sai dai a kewaye su da ƙaya a shekarar farko, domin awaki da raƙuma na son sabon ganyensa ƙwarai.